Yadda ake adana shinkafa da dafa ta, daga bakin buhu har zuwa ƙanzo

Ni ƴar Adar ce, a Tawa na tashi, kuma a gidanmu hatsi ne abinci: fura da rana, tuwo da dare. Shinkafa sai ranar Juma'a, ko salla, ko in an yi suna. Da aure ya kawo ni Yamai sai na tarar da gari inda kusan kowane gida tukunyar rana ta shinkafa ce. Buhun farko da maigida ya shigo da shi cikin watan Agusta ne, tsakiyar malka. Na jingina shi da bango a kan siminti, kullum in ɗiba daga sama in ɗaure baki. Bayan sati uku na zura hannu ƙasa, na ji abu ya dunƙule kamar tubali. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na buhun ya yi funfuna, kore-kore da baƙi-baƙi, yana warin rumbun da ruwa ya shiga. Wata tsohuwa maƙwabciyata, Bazabarma daga wajen Kollo wadda danginta duk manoman shinkafa ne, ta leƙo ta gani ta girgiza kai.

"Amarya, siminti yana zufa da damana. Ba a gaya miki ba?"

"Inna, wallahi ban sani ba."

"To ɗauko faifai da ƙwarya, zauna nan."

Yawancin abin da zan faɗa a nan daga wannan zaman ya faro, sauran kuma shekaru ne suka ƙara mini. Abin da ya sa na ga ya kamata in rubuta shi, shinkafa ta daina zama abin wasa. Tun 2023 da aka rufe iyakarmu da Benin, kayan da a da suke sauka a tashar Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kowace mai gida ta ji a jikinta. Kuɗin buhu ba a hannunmu yake ba. Amma abin da ke lalacewa bayan buhun ya shigo gida, a kusurwar ɗaki ko a cikin tukunya ko a kula, wannan namu ne, kuma ya fi yawa fiye da yadda muke zato.

A kasuwa

Ki fara sanin irin da kike saye, don kowace da ruwanta da aikinta. Akwai ta waje mai dogon ƙwaya, wadda ake kawowa daga Indiya da Tailan da Pakistan. Akwai karyayya, mai sauƙin kuɗi, wadda ta fi dacewa da dafa-duka da masa da kunu. Akwai gumi, wato wadda aka jiƙa aka turara tun tana cikin ɓawonta sannan aka shanya aka sussuka. Launinta ya ɗan yi ruwan zuma, ba ta saurin caɓewa, kuma ta fi farar riƙe sinadaran gina jiki, musamman bitamin B1, domin turarin yana tura su daga dusa zuwa cikin ƙwayar. Sannan ga tamu ta bakin kogi, wadda ake nomawa a filayen noman rani da hukumar ONAHA ke kula da su daga Tilaberi zuwa Kollo da Sayi har Gaya, kai har nan cikin Yamai a Saga da Kirkisoy, sau biyu a shekara. Wanda ya ci irinta da ake kira Gambiyaka sabuwar girbi ya san ƙamshinta ba ɗaya ba ne da na shinkafar da ta yi watanni a jirgin ruwa da mangaza. Ni dai ita na fi so, ko da yake wadda aka sussuka a ƙananan injuna tana zuwa da tsakuwa, sai an yi mata aiki.

Ko a kasuwar Katako ne ko ta Wadata ko butik ɗin unguwa, kada ki yi cinikin biri a sama. Ki ce, "Alhaji, a ɗan buɗe mini baki in gani." Mai gaskiya ba ya ƙi. Ki ɗebo cikin tafin hannu ki shinshina: shinkafa mai lafiya kusan ba ta da wari, in kuwa kin ji gumi-gumi irin na tsumman da ya kwana a jiƙe, ki bar ta. Ki ciji ƙwaya guda. In ta fashe ƙas tsakanin haƙora, ta bushe. In ta lotsa, da sauran danshi a cikinta. Masana noma suna cewa danshin shinkafar ajiya kada ya wuce kashi 14 cikin 100, mu da ba mu da na'urar awo haƙori ne ma'auninmu. Ki murza ta ki duba tafinki. Farin gari mai yawa, ko ƙwayoyi masu ɗan rami, ko ƴan dunƙule da wani zare kamar saƙar gizo ya haɗa, duk alamar ƙwari sun riga ki. Ki sa a juya buhun ki duba gindinsa ko akwai tabon ruwa. Ki kuma lura da abin da aka jera kusa da shi, domin shinkafa tana shan wari: wadda ta zauna gefen sabulu ko takin zamani ko bidon esans har cikin tukunya sai kin ji shi.

Game da yawan da za a saya, lissafin ba wuya. Babban mutum yana cin kamar giram 100 na ɗanyar shinkafa a zama guda. Gida mai mutum takwas da ke dafawa sau ɗaya a rana yana cin giram 800, buhu mai kilo 25 kenan zai kai su wata guda. Da damana kada ki ajiye abin da ya wuce na wata biyu sai in kina da mazubi mai rufuwa ruf. Da ɗari, lokacin da iska ta bushe, za ki iya ƙarawa.

Inda za ta zauna

Abokan gaban shinkafa huɗu ne: danshi, zafi, ƙwari da kusu. Abu na farko, buhu ba ya taɓa ƙasa. Ki samu katako, ko ki jera bulo biyu ki ɗora allo, ya tashi daga ƙasa kamar taƙi guda. Ki janye shi daga bango har hannunki ya iya wucewa ta baya. Ki ɗaga kai ki duba kwanon rufi ko yana yoyo daidai wurin. Kada ki ajiye kusa da randa, ko bangon da ya haɗu da makewayi, ko gefen murhu inda tururi ke tashi.

Amma gaskiya buhu ba wurin zaman shinkafa ba ne, kayan ɗauko ta ne kawai. Saƙarsa tana da ƙofofi, ƙwaro yana shiga, kusu yana hudawa cikin dare guda. Abin da na koma yi tun shekaru shi ne juye ta cikin bido, irin na man girki mai lita 20 ko 25, kamar yadda mutanen karkara suke ajiyar wake. Ki wanke shi da sabulu da ruwan zafi har santsin mai ya fita gaba ɗaya, don ragowar mai yana yin ɗoyi ya ɓata hatsi. Ki kife shi a rana kwana biyu. Wannan wurin ne mutane suke gaggawa: ɗigon ruwa guda da ya maƙale a kusurwar bido ya isa ya dunƙule miki tiya guda. In kin tabbata ya bushe ƙarau, ki yanke kan gorar ruwa ki yi mazurari da shi, ki zuba shinkafa kina bubbuga bidon a ƙasa don ta zauna, har ta kai wuya. Ki shimfiɗa ƴar leda mai tsabta a bakin ki murɗa marufi a kai. Hikimar ita ce cikewar: in babu sarari babu iska, ƙwarin da ke ciki su shanye ƴar wadda ta rage su mutu. Bidon da aka taɓa zuba esans ko gazuwal ko maganin feshi kuwa, ko sau nawa aka wanke, ba na abinci ba ne.

Mai ajiya da yawa ta nemi buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi, masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maraɗi suka yi aiki a kansa, da farko don wake, amma yana riƙe shinkafa da masara ma. Ana matse iska a ɗaure kowace leda daban, kuma ba a buɗewa sai ranar buƙata. Leda ta huje, aikinsa ya ƙare.

Ki ware roba mai marufi ta cin sati guda, daga ita za ki riƙa ɗiba kullum, babban mazubin kuma ya zauna a rufe. Kada ki ɗiba da jiƙaƙƙen hannu ko gwangwanin da ya taɓa ruwa. Kada ki zuba sabuwa a kan tsohuwa; ki cinye ta ƙasa, ki kakkaɓe garin, ki goge, sannan ki zuba sabuwa. Wannan garin na gindi shi ne gidan ƙwari.

Ƙwari, da maganar guba

Da yawa suna mamakin ta ina ƙwaro ya shiga mazubin da ke rufe. Ba shiga ya yi ba, da shi aka zo. Wannan ɗan baƙin ƙwaro mai dogon baki, macen tana huda ƙwayar shinkafa ta saka ƙwai guda a ciki ta liƙe ƙofar. Tsutsar tana ci daga ciki ba wanda ya gan ta, cikin kamar wata guda in ana zafi ta fito cikakken ƙwaro. Shi ya sa za ki sayi shinkafa fes, bayan sati huɗu ki buɗe ki ga tana motsi. Mai firiza tana da sauƙi: ta ƙulle sabuwar shinkafa a leda ta sa a ƙanƙara sati guda, sanyi ya kashe ƙwai da tsutsa. In ta fito da ita kada ta kwance ledar sai sanyin ya sake ta sarai, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a kan ƙwayar.

In ƙwari sun riga sun fito, shinkafar ba ta haramta ba. Ki tankaɗe ta a rariya garin ya zube, ki baza ta siriri a kan tabarma, ƙwarin za su watse da kansu. Amma ki yi wannan a inuwa mai iska ko da hantsi, awa guda zuwa biyu. Na ga masu shanya farar shinkafa a ranar azahar ta watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40. Ƙwayar tana tsattsagewa, in an zo wanki ta karye, in an dafa ta zama kamar fate. Busasshen ganyen dogon yaro ko busasshiyar tonka da ake cusawa a buhu suna rage kusantar ƙwari daga waje, ina sa su ni ma, sai dai ba sa taɓa wanda ke cikin ƙwaya.

Abin da nake roƙo da babbar murya: kada a sa maganin ƙwarin nan piya-piya a abinci, kada a fesa shi a jikin buhu. Haka ƙwayar nan mai launin toka da ake naɗewa a tsumma a jefa cikin hatsi. Iskar da take fitarwa guba ce mai kisa, an yi ta ne don manyan mangaza da ake toshewa a fita, a hannun waɗanda suka koyi aikin. A ɗakin da yara suke kwana ba ta da wuri ko kaɗan. Ita kuma shinkafar da ta yi funfuna, wadda ta dunƙule ta canza launi, zubarwa ake. Wasu nau'in funfuna suna barin dafi mai cutar da hanta, wanki ba ya fitar da shi, wuta ba ta kashe shi. Ranar da tsohuwar nan ta taya ni, mun ceci ta sama wadda ta bushe, ta ƙasa kuwa ta hana ni ko watsa wa kaji.

Tsinta da regewa

Ta waje yawanci wanki kawai take so. Ta gida sai an bakace a faifai ƙaiƙayi ya tashi, a tsince baƙaƙen ƙwayoyi da waɗanda ɓawonsu bai fita ba, sannan a rege. Ƴan mata da yawa yanzu ba su iya regewa ba, alhali minti biyar ne. Ki zuba shinkafa a ƙwarya, ruwa ya sha kanta. Ki ajiye wata roba a gabanki. Ki riƙe ƙwaryar da hannu biyu ki ɗan karkata ta, kina kaɗa ta a hankali hagu da dama, kamar mai lallashin jariri. Ruwan zai riƙa kwashe ƙwayoyin sama yana tsallakar da su baki kaɗan-kaɗan zuwa robar. Ruwa ya ƙare, ki ɗebo daga robar ki ƙara. Tsakuwa ta fi shinkafa nauyi, don haka tana nutsewa gindi. Can ƙarshe za ki ji tana ƙara sakar-sakar a jikin ƙwarya, ki ga ɗan yashi da duwatsu sun taru cikin cokali guda na shinkafa. Ki zubar da wannan, ki maimaita sau biyu. Ƙwarya ta fi roba a wannan aikin saboda cikinta yana da kaushi, yana riƙe tsakuwa.

Wanki kuma sau biyu ko uku ya isa, da yatsu, ba cuɗa irin ta wanki da sabulu ba. Ana so ne garin da ke sa ta danƙo ya fita. Ki tsane ta a kwando minti biyar kafin ta shiga tukunya, don ruwan da ta riƙe kada ya ɓata miki awo.

Awo da wuta

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Gaskiya ne ga wadda ta shekara ashirin tana dafa iri guda a tukunya guda. Mu da yau a kawo ta Indiya gobe ta Gaya, gara mu auna. Ki zaɓi gwangwani ɗaya ya zama na shinkafa da na ruwa duka. Farar doguwa: gwangwani 2 na shinkafa, 3 na ruwa. Gumi: gwangwani 1, ruwa 2. Karyayya tana son ƙasa da na doguwa kaɗan. Sabuwar girbi ba ta shan ruwa sosai, wadda ta daɗe a ajiye kuwa tana da ƙishirwa. Duk ranar da aka buɗe sabon buhu, ki ɗauki dahuwar farko a matsayin gwaji, ki riƙe abin da kika gani. In kina shakka ki rage ruwa; ƙarawa tana yiwuwa, cirewa ba ta yiwuwa. Idan girkin mai yawa ne, na taro, ruwan yana raguwa kaɗan a kan wannan lissafi, don babbar tukunya ba ta asarar tururi kamar ƙarama.

Tukunya ta zama mai kaurin gindi, irin ta dalma da maƙeran Katako suke zubawa, da marufin da ya zauna daidai. Shinkafa tana kumbura kusan ninki uku, saboda haka ɗanya da ruwanta kada su wuce rabin tukunya.

Ki tafasa ruwan da kika auna, ki sa gishiri da cokali guda na man gyaɗa. Ki zuba shinkafa, ki juya sau ɗaya tak don kada ta kwanta a gindi. Ki bar ta a wuta mai ƙarfi har ruwan ya ja ya yi daidai da kanta, ki ga ƴan ramuka suna huci a sama. Daga nan aikin wuta ya ƙare, saura na tururi. Ki rufe, ki mai da gas can ƙasa, iyakar inda ba zai mutu ba. In a gawayi ne ki kwashe yawancin garwashin ki bar kaɗan, ki ɗora uku ko huɗu a kan marufi. In itace ne ki janye itacen ki bar ta a kan rushi. Fara tana son minti 15 daga nan, gumi 20 zuwa 25. A wannan tsakanin kada ki buɗe, kada ki juya. Juyawa ce take fasa ƙwaya ta fito da danƙo, buɗewa kuma tana sakin tururin da ke dafa ta sama. In lokaci ya yi ki sauke, ki bar ta a rufe minti 10. Mutane suna raina wannan hutun, alhali a nan ne danshin ƙasa yake hawa, ta sama ta ƙarasa, gindi ya saki tukunya. Sannan ki buɗe ki barbaza ta a hankali da cokali mai yatsu. Za ki gan ta wara-wara.

Akwai al'adar da ta bazu ta rufe shinkafa da baƙar leda ko yankin buhu kafin a sa marufi. Na san dalilin, tururi ake son tsarewa. Amma ledar kasuwa ba a yi ta don zafi ba, tana laushi tana sakin wari a abinci. Ki ware farin ƙyalle mai tsabta na wannan aikin kaɗai, ki shimfiɗa a bakin tukunya ki danna marufi, ki naɗe gefunan sama don wuta. Ya fi leda, don yana shanye ruwan da ke ɗigowa daga marufi.

Masu dafawa da ruwa mai yawa su tace su mayar a turara, hanyarsu tana fitar da shinkafa mai kyau, kuma ita ce mafita in ba ki san halin buhun ba. Illarta, wani abu na amfanin ƙwayar yana bin ruwan da aka zubar. In kin yi haka, ki dama kunun yara da ruwan.

In ta ƙi: ruwa ya ƙare tana da sauran ƙarfi a tsakiya, ki yayyafa rabin kofi na ruwan zafi, ba na sanyi ba, ki rufe minti biyar. Ta yi ruwa, ki buɗe ki bar ta a ƙaramar wuta ta sha iska, ko ki baza a tire. Ta caɓe sarai, kada ki yi ta fama, ki ɗauko muciya ki tuƙa tuwo a yi miyar kuka ko ta gyaɗa. Ta kama har kin ji ƙauri, kada cokali ya taɓa gindi. Ki kwashe ta sama zuwa wata tukunya nan take, ki ɗora yankakkiyar albasa a kai ki rufe, tana rage warin.

Shinkafa da wake, wake ne ke fara shiga, da ɗan ƙanƙanin kanwa, sai ya kai inda zai lotsa tsakanin yatsu bai fashe ba sannan shinkafa ta bi. Mai ya soyu da albasa ƴar Galmi, ga yaji a gefe. Dafa-duka kuwa, ki soya tumatir har mai ya taso sama, ki tsame nama da kayan lambu in sun nuna, ki tuna romon da ya rage shi ne ruwan awonki. Yawancin dafa-dukan da ke caɓewa, an ƙara ruwa ne a kan romo ba lissafi.

Bayan an sauke

Wannan ne ɓangaren da ya fi damuna. Shekarun baya an yi suna a gidan ƴan'uwa, aka dafa shinkafa tun da hantsi, cikin bazara. Aka zubo mana a kula, na ajiye a ɗaki. Bayan isha'i na buɗe, ba wari, ba yauƙi, tana nan da ɗan ɗumi. Na ɗumama ta sosai har tana tururi na ba yara. Kafin tsakar dare biyu daga cikinsu suna ta amai, ƙaramar har ta galabaita, idanunta suka faɗa. Muka kwana a asibiti. Da likita ya ji abin da suka ci da awannin da ta yi a kula, bai yi mamaki ba.

Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Bacillus cereus, tana cikin ƙasa, tana zuwa tare da ɗanyar shinkafa. Tana da wani irin ƙwai mai taurin kai da tafasa ba ta kashewa. In dafaffiyar shinkafa ta sauka daga zafi ta zauna da ɗumi-ɗumi, sai su farka su hayayyafa su zuba dafi a ciki. Dafin nan ɗumame ba ya karya shi, kuma hanci ba ya jin sa. Amai yakan fara tsakanin awa 1 zuwa 6 bayan ci. Sau nawa muke cewa "shawara ce" ko "zafi ne ya buge shi", alhali kular rana ce.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. Ko dai ya zauna da zafi sama da digiri 60, ko da sanyi ƙasa da digiri 5. A zafin Afrilu da Mayu ni awa guda nake ba shi. Kula tana riƙe zafi na ɗan lokaci ne. In kin buɗe ba ta ƙona hannu, ta shiga wurin haɗari. Abincin maigida da zai dawo bayan la'asar, ki ɗauraye kular da tafasasshen ruwa, ki zuba shinkafar tana huci, ki cika ta, kada a yi ta buɗewa.

Wadda ta rage kuma kike son ajiyewa, kada ki jira ta huce a tukunya. Ki baza ta a faffaɗan tire ta sha iska minti 20 zuwa 30, ki zuba a roba mai marufi marar zurfi, ki sa a firigo. Ki cinye ta washegari. In za ta wuce haka, firiza, a ƙananan ƙulli na ci guda. Wajen ɗumamawa ki yayyafa ruwa, ki rufe, ta yi zafi har tsakiya tana tururi, kuma sau ɗaya ake ɗumama ta. Abin da ya rage daga ɗumame ba ya komawa firigo. In wuta ta ɗauke kada a yi ta buɗe firigon, yana riƙe sanyinsa kamar awa 4 in an bar shi a rufe. Ɗaukewar ta wuce haka, ki taɓa robar. In ba sanyi, kada ki ba kowa.

Gidan da ba firigo, kuma su ne da yawa, maganinsu yana wurin gwangwanin awo: a dafa daidai ci. In ta rage, a miƙa wa maƙwabta ko almajiri tun tana da zafi. Na san zubar da abinci yana da nauyi a zuciya, haka aka tarbiyyantar da mu, ni ma har yau sai na yi istigfari in zan zubar. Amma shinkafar da ta kwana a tukunya cikin zafi, wadda ba za ki ba ɗanki ba, kada ki juye ta a robar almajiri da safe. Shi in ya kama amai ba mai kai shi asibiti. In kuwa abin ya riga ya faru a gidanki, ki fara ba yaro ruwan gishiri da sukari kurɓi-kurɓi, na sashe da ake samu a farmasi, ko ki haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In aman ya ƙi tsayawa, ko yaron ya daina fitsari, ko jariri ne, a tafi likita ba jira.

Ƙanzo ma shinkafa ce, hukuncinsu ɗaya. In ya yi ja bai ƙone ba, ki kankare shi tun tukunya da ɗumi, ki ɗiga mai ki barbaɗa yaji, yara su cinye a tsaye kafin a gama rabon abinci. Wanda ya yi baƙi ki zuba masa ruwa ya jiƙa, da yamma ki juye wa kaji, ki wanke tukunyar ki kife ta.